Sulen da Aka Goge

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, wani ɗan akurki a ƙarƙashin matattakalar bene, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ga shi da taurin kai, ga gardama kamar ana biyansa. Amma ko masu jin haushinsa ba su taɓa cewa ya cuce su ba, kuma da wannan shaidar yake taƙama, don ba shi da wani abin taƙamar.

A aljihun teburinsa na ƙasa akwai gwangwanin biskit cike da tsofaffin tsabar kuɗi na ƙasashe daban-daban, waɗanda aka daina kashewa tun kafin a haifi 'ya'yansa. Kowane ɗaya a naɗe yake cikin 'yar takardarsa. Marigayiya matarsa ta sha cewa ita ce ta auri attajirin da dukiyarsa ba ta sayen ashana.

Abokin wannan haukar tasa shi ne Mai Hoto, mai shago a ƙarshen layi. Kowace Asabar da hantsi sukan shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, su yi musaya. Ba sa sayar wa juna, sai dai ba ni in ba ka. Doka ɗaya suka kafa: kafin kwabo ya tsallaka tebur, sai mai shi ya faɗi aibinsa da bakinsa, ko ƙarzuwa ce, ko lanƙwasa, ko shekarar ta soma shafewa. Sauran kuwa sanin kowane mai tara irin waɗannan kuɗi ne. Ba a taɓa fuskarsu da yatsa, a gefe ake riƙewa. Kuma ba a goge su, don baƙin nan da ya kwanta a kansu shi ne shaidar shekarunsu. Wanda aka goge ya yi ƙyalli, to ya tashi daga aiki.

Mai Agogo yana da wani sule na azurfa mai hoton jirgin ruwa. Mai Hoto kuma yana da kwabo mai huda wanda aka yi kuskure wajen buga shi, hudar ta kauce gefe. Shekara ashirin kowa na haɗiyar yawu a kan na ɗan'uwansa, kowa ya ƙi saki.

Sai ciwon suga ya taɓa idon Mai Agogo. Ganinsa ya koma dishi-dishi, har gilashin da yake maƙalawa a ido ya daina yi masa amfani. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai ba wanda ba ya gani agogo? Ya koma canza batir da maɗauri da lalube, aikin da ya fi haka kuwa sai ya ce kayan gyaransa sun yi wuya. Ranar Asabar ba ta ba shi tsoro, domin ya haddace aibin kowane kwabo nasa kamar sunayen 'ya'yansa.

Da ciwon ya tsananta aka kwantar da shi asibiti mako biyu, aka kai gwangwanin gida wajen Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke kula da shi tun rasuwar uwarta. A kan gadon asibiti ya yanke shawara zai saki sulen. So yake kwabon nan ya zama nasa tun yana iya hango haske ta hudarsa.

Asabar ta farko bayan an sallame shi, ya warware takardar, ya ajiye sulen a kan ƙyalle.

"Kai tsoho, yau ka ci sa'a," in ji shi. "Aibinsa biyu. Ƙarzuwa a ƙasan jirgin, da ɗan dauɗa a gefe. Ban da su lafiyarsa lau, yadda ka san shi."

Mai Hoto, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya yi shiru har Mai Agogo ya tsargu.

"Ko ka fasa ne?"

"Ban fasa ba. Na yarda."

Ya turo kwabon, ya faɗi aibinsa a gajarce. Mai Agogo ya koma gida yana murna kamar yaro, ya zauna a bakin taga yana ɗaga kwabon sama. Auta ta kawo masa ruwa da maganinsa, ta tsaya tana murmushi.

"Baba, abokin naka ya ga yadda suka yi fes?"

"Su wa?"

"Kuɗinka mana. Da kana asibiti na ga duk sun yi baƙi ƙirin, na ce bari in faranta maka. Kwana uku na yi ina dirzar su da soson ƙarfe da lemun tsami. Kowanne na mayar da shi takardarsa, ban haɗa su ba. Ina ta jira ka yi magana, ka ƙi."

Mai Agogo ya sauke kwabon. Ya ji muryarta cike da jin daɗi, ya tuna yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba tun da ya kwanta. Ya ce mata Allah ya yi albarka, ya haɗiye maganin da kyar. Tarin shekara talatin ya tafi, wannan ya yi masa ciwo. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ba amininsa mataccen sule, ya ce lafiyarsa lau, ya karɓi mai rai.

Washegari da safe ya ɗauki gwangwanin ya nufi ƙarshen layi, yana bin jikin bango. Ko zama bai yi ba ya ajiye kwabon a gaban Mai Hoto.

"Ɗauki abinka. Ka ga an goge sulen, me ya hana ka magana?"

"Na gani," in ji Mai Hoto. "Na kuma ga kana nuna mini jirgi a gefen da babu jirgi. Tun bara nake zargi, jiya na tabbatar."

"Wato sadaka ka ba ni."

"Haba, mutumina."

"Sadaka ce! Shekara talatin ban ci haƙƙinka ba, sai yanzu da na tsufa za ka bar ni in ci, kana kallona?"

"To me zan ce maka? In ce idonka ya tafi? Bakina ya kasa. Riƙe kwabon, don Allah, ni na ba ka."

"Ba mu taɓa yin haka ba, ba kuwa za mu fara yau ba."

Mai Hoto ya san halin mutuminsa. Ya ɗauko sulen ya saka masa a tafin hannu. Mai Agogo ya zauna, ya tura masa gwangwanin.

"Duba mini su duka. Ka faɗa mini gaskiya, tun da ni ba zan iya ba."

Mai Hoto ya shimfiɗa ƙyallen, ya shiga warware takardu ɗaya bayan ɗaya. An goge. An goge. Wannan ma an goge. Tun yana faɗa da ƙarfi har muryarsa ta dushe. Auta yarinya ce mai aiki da zuciya ɗaya, ko guda ba ta tsallake ba.

"Kada ka kuskura ta ji," in ji Mai Agogo.

"Ba za ta ji daga bakina ba. Asabar za ka zo?"

"In zo da me?"

Ya rungumi gwangwaninsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, yana laluben matakalar da ƙafa, ya kasa samunta. Mai Hoto ya zo ya kama masa hannu. Ya so ya fizge, sai kuma ya bari.