Motar da Tela Ya Ɗinka wa Riga

Duk layin nan babu wanda bai san Tela ba, kuma babu wanda zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka da madubin da ya tsage a gefe. Ka dawo masa da riga ka ce hannu ya yi tsawo, ko da kai ne ka ce a tsawaita, zai karɓa ya ce, "Bari a gyara." Amma shi ko almakashi ya saya ya tarar ba ya ci, sai ya jefa a aljihun tebur ya ja bakinsa ya yi shiru. Kunya ce ta yi masa katutu, irin wadda har haushi take ba masu ƙaunarsa.

Mota kuwa ba don gayu ya saye ta ba. Matarsa ce ke fama da ciwon ƙoda, kullum suna hanyar asibiti wajen wankin ƙodar. Ta fito jiki ba ƙarfi, a cusa ta cikin motar haya, wannan ya dangwara mata kaya a cinya, wancan ya taka ta. Ranar da amai ya zo mata a hanya fasinjoji suka yi ta tsaki, Tela ya dawo gida ko ruwa bai iya sha ba. Ya sayar da filin da ya gada, ya je gidan sayar da motoci ya ɗauko wata fara ta hannu. Mai gidan ya ce akwai garanti, in wata matsala ta ɓullo a farko-farkon nan a dawo da ita. Tela ya ce to, ba don ya ɗauki maganar da muhimmanci ba. Don murna har riguna ya ɗinka wa kujerun, da ɗan matashi na jingina saboda maman yara.

Ba a je ko'ina ba motar ta nuna halinta. Suna hanyar asibiti da hantsi ta ɗau zafi, ta yi hayaƙi, ta mutu a tsakiyar titi. Haka baiwar Allah ta zauna a bakin kwalbati cikin rana har aka samu mai ɗaukarsu.

Tela ya sa aka jawo motar wurin Gajere, bakaniken da garejinsa ke kallon shagonsa. Gajere ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar gwada mai, ya ga man ya yi fari kamar shayi da madara. Sai ya mayar, ya rufe, ya goge hannu.

"Yaya Tela, ba zan taɓa ta ba."

"Kamar yaya? Ba aikinka ba ne?"

"Aikina ne. Amma ruwa ya haɗu da mai, kuma ba yau abin ya fara ba. Da ciwonta aka sayar maka. Na sa sifana na kwance noti ɗaya, gobe su ce ni na ɓata, garantinka ya tashi a banza. Mayar musu da abinsu."

"Haba! Bayan an yi ciniki an yi musabaha? Har riga na ɗinka mata."

"Cire rigar mana, ai ba da ita ka saya ba."

Ran Tela ya ɓaci, ya ga kamar maƙwabci ya ƙi shi a ranar buƙata. Washegari ya wuce garejin ko sallama babu, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa ce ta gaji da ganin fuskarsa a murtuke, ta ce daga kan gadonta, "Baban yara, masu dawo maka da ɗinki, ka taɓa ganin rashin mutuncinsu?" Ya ce a'a, ai haƙƙinsu ne. Ta ce, "To kai ne ba ka da haƙƙi? Ni dai ba zan iya komawa motar haya ba, gaskiya na gaji."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tashe shi. Ya cire rigunan kujerun, ya je ya tsaya a bakin gareji yana sosa ƙeya. Gajere bai bari ya ba da haƙuri ba, ya ɗauko igiya ya ɗaure motar a bayan tasa.

A can mai gidan motocin ya fara da cewa kaya in sun fita sun fita. Tela ya ji "to shi ke nan" ta taho masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta da ƙyar. Gumi na karyo masa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in dawo da ita. Ga ta na dawo da ita. Mara lafiya nake kaiwa asibiti." Gajere ya ƙara da cewa in ba a daidaita a nan ba, akwai ofishin da ke sauraron koken masu saye, kuma ba shi da nisa.

Mai gidan ya kira bakanikensa. Bakaniken ya duba ya ce babu wanda ya taɓa injin, akwai tsagewa a cikinsa amma tsohuwa ce, liƙe ta aka yi. Mai gidan ya ce shi ma haka aka kawo masa ita, amma wannan ba laifin Tela ba ne. Ko ya karɓi kuɗinsa, ko ya zaɓi wata. Tela ya zaɓi wata ƙarama ruwan toka, bayan Gajere ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya gyaɗa kai.

Ranar wanki ta gaba suka je lafiya. A hanyar dawowa Tela yana ta ba matarsa labari, sai ya ji shiru. Ya waiga ya ga ta yi barci, kanta a jikin gilashi, abin da ba ta taɓa samu ba tun da ciwon ya fara. Ya rage gudu, yana kauce wa kowane rami.

Da suka iso layin ya tsaya a gaban gareji. Gajere ya taho da sauri yana tambayar me kuma ya faru. Tela ya ɗora yatsa a baki, ya nuna masa kujerar gefe. A madadin godiya, sai ya miƙo hannu ta taga ya kama hannun nan mai baƙin mai ya riƙe, idanunsa sun cika da hawaye.