Jinin Malam Idi

Dutsin-Ma, biyar da rabi na asuba

Ina idar da salla na rataya jaka na nufi tasha, ko shayi ban tsaya sha ba. Takarda guda ce a jakar, ita ta hana ni sukuni tun Litinin.

A ɗakin gwaji nake aiki. Muna bin diddigin wasu ƙananan saƙonni da ke cikin ƙwayoyin jiki, ana ce musu RNA. Irin waɗanda muke bi ba sa haɗa furotin kamar 'yan'uwansu, aikinsu su kunna wannan su kashe wancan, kuma muna zargin da hannunsu idan kansar huhu ta tashi bazuwa zuwa ƙashi ko hanta. Cikin majinyatan da suka yarda su riƙa ba mu jini duk wata uku akwai Malam Idi, manomi daga wani ƙauye a bayan Rawayau. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, kwalbarsa kawai na sani. Jinin da aka ɗiba mako biyu da suka wuce ya nuna saƙonnin nan sun hau sosai, wayarsa kuma a kashe. Likita ya ce a nemo shi a yi masa hoto tun lokaci bai ƙure ba. Ni sarkin karambani na ce zan je.

Kurfi, bakwai da minti goma

Tafiyar ba ta kai kilomita talatin ba, amma jiran fasinja da shingen jami'an tsaro biyu suka cinye mana lokaci. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Da ɗan acaɓa ya ji inda za ni, sai ya ce, "Zan kai ka, Malam, amma kada la'asar ta iske mu can."

Minti arba'in muka yi a turba. Dawa ta fi mutum tsayi dama da hagu, ga gonaki sun yi kyau, amma ba mu ga kowa a ciki ba. Ban da kukan babur ba na jin komai. Gaskiya na tsorata.

Ƙauyen, takwas da rabi

Wani dattijo siriri ya tarbe ni a zaure, ya ce shi ne Malam Sani, ƙanen Malam Idi. Ya sa aka kawo fura. Da na tambayi yayansa, sai ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan gari, sau biyu yana tsayawa ya mai da numfashi. A maƙabarta muka tsaya, gaban wani kabari da ciyawa ta riga ta rufe.

"Ga shi nan. Wata biyu ke nan da kwana huɗu."

Na zaro takardar na duba ranar ɗibar jinin har sau uku.

"To wa ya ba mu jini?"

"Ni ne. Yaya ya yi maku alkawali. Ana gobe zai cika ya ce kada a bar mutanen nan suna jira. Na ɗauki katinshi na tai. Ai uwa ɗaya uba ɗaya muke, jinin guda ne."

Yana murmushi, godiya yake jira.

"Malam, kana tari?"

"Ɗan na damina ne. Haka shi ma ya fara..."

Bai ƙarasa ba. Na ce masa ya shirya mu tafi asibiti yanzu.

Dutsin-Ma, biyu da kwata na rana

Mu uku muka dawo Kurfi a kan babur, daga nan muka hau mota. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa ɗan acaɓan da ya jira mu bai yi ƙorafi ba. A asibiti aka buɗe wa Malam Sani kati da sunansa. Na faɗa masa gwajinmu bincike ne, hoto ne zai nuna gaskiya. Ya gyaɗa kai, har an kira shi ya juyo.

"In ban samu zuwa ba nan da wata ukku, akwai autanmu."

"Kai muke so ka zo, Malam," na ce.