Rabi da agushinta

Muna zaune a barandar gidana a Akurba, ina yi wa Rabi gwajin intabiyu. 'Yar maƙwabciyata ce, ta gama jami'a, uwarta ta roƙe ni in shirya ta tunda na daɗe a aikin gwamnati. Washegari za ta zauna gaban masu ɗaukar ma'aikata.

Duk abin da na tambaya tana amsawa daidai, amma muryar ba rai. Na yi mata maganganun ƙarfafa gwiwa da nake yi wa kowa: ki yarda da kanki, ki ɗaga kai, za ki iya. Ta ce to.

Can na gaji, na ce, "Rabi, wai kina ma son aikin nan kuwa?"

Ta ce, "Anti, ke da Mama ne kuke so. Ni agushi nake so in riƙa sarowa daga Adogi, in ɓare, in kai kudu."

Na ce, "To, ba ni labarin agushin."

Sai ga Rabi ta gyara zama. Ta san manoman da nasu ya fi kyau, ta san yadda ake shanya shi kada ya yi fumfuna, har injin ɓarewa ta je ta gani. Sai da na ce ta numfasa.

Ba ta je intabiyun ba. Uwarta kuwa har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Na yi ta tura yarinyar nan, ban taɓa tambayarta inda take son zuwa ba. Ku masu horar da mutane, kuna fara tambaya kuwa?