Likitan da na jawo da hannuna

Maigidana yana aiki a wani shagon turare a unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, kuma mai shagon ya yi masa katin ta'amin, wato inshorar asibiti. Ranar da aka ce tsakuwa ce a ƙodar maigidan nawa, sai an yi aiki, ban bari an kwantar da shi ba sai da na tambayi mutum uku ko asibitin yana cikin jerin da katin ya amince da su. Duk suka ce yana ciki. Ni ba a yi mini gaggawa a kan kuɗi, balle a shekarar nan. Shekara biyu ina dambun nama da kunun gyaɗa a ɗan gidanmu na Utaibiyya ina sayar wa ɗalibai, ina tara kuɗin da zan kawo Innata Umra da azumi. Kuɗin sun cika cif, saura in kai wa mai biza.

Aiki ya yi kyau. Kwana ɗaya da yinsa ina tafe a barandar asibiti da fulas ɗina, sai na ji wani dogon likita yana waya: "Ya ummi, wallahi na ci abinci, khalas, ki kwantar da hankalinki."

Hausa! Wanda bai zauna a ƙasar mutane ba ba zai gane abin da kunne ke ji ba. Na tsaya ƙyam har ya gama, na gaishe shi, na tambayi mutanen gida. Ya ce a nan unguwar Tandabawi aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙafa. Hausar tasa tana ɗingishi, amma tana isa inda za ta.

Na ce, "Likita, ai kuwa ba ka wuce ba. Ɗan'uwanka na kwance a ɗakin can, ka shigo ku gaisa."

A garinmu haka ake yi. Ba ka jin naka na kwance ka wuce ƙofar, kuma ba a barin baƙo ya fita bai sha komai ba. Na zuba masa kunu. Ya tambayi maigida jiki, shi kuma ya ce da sauƙi, kamar yadda kowane mai hankali ke cewa. Ni ce bakina bai iya zama ba.

"Malam, wane irin da sauƙi? Faɗa masa ƙirjin nan da kake kuka da shi in ka hau bene."

Ashe likitan zuciya ne. Ya ajiye kofi, ya ɗora masa abin awo a ƙirji, ya ce wa nas ta buɗo malaf, wato fayil. Ya sa aka yi hoton zuciya. Kwana uku yana leƙowa da safe, ina zuba kunu, ina yi wa matan ɗakin da ke kusa fankama cewa mu likitanmu na gida ne. Sakamako ya fito, zuciyar Malam garau, nauyin tuwo ne kawai ke hana shi hawan bene.

Ranar sallama aka miƙo mini takarda. Aikin ƙoda katin ya biya har allurar ƙarshe. Amma likitan zuciya baƙo ne a asibitin, zuwa yake daga wani wuri, sunansa ba ya cikin jerinmu. Duk shigowar da ya yi ya taɓa fayil, na'ura ta rubuta kuɗi. Ga hoton zuciya a kai. Na ce wa mutumin da ke bayan gilashi, "Bawan Allah, gaisuwa fa ya zo, kunu ya sha!" Ya juyo mini da allon, ya nuna sa hannu huɗu.

Na yi faɗa da Hausa, na yi da guntun Larabcina, na koma Hausa don ta fi daɗin faɗa. Malam yana kan keken marasa lafiya yana cewa, "Hajiya, a hankali, ɗinkina," don dariya ke cinsa. Da likitan ya ji, ya sauko da kansa, kunya ta rufe shi.

"Ya khala, wallahi ma kunt a'rif, ban sani ba. Na ɗauka katinku ya san ni. Nawa na yafe, amma na mustashfa, na asibitin, ba a hannuna yake ba."

Ya yafe nasa, Allah ya saka masa. Abin da ya rage ya cinye fiye da rabin kuɗin Inna. Ƙanina da ke Amurka ya ce a jihar da yake an yi doka a kan irin wannan, in asibiti na cikin jerinka ba a ɗora maka kuɗin likitan da ba ka zaɓa ba. Na ce, to ni ai na zaɓa, har da kunu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin mutanen nan duka babu wanda ya ce mini, tsaya, wannan ba naku ba ne.

Kwana biyu ina juya waya kafin na kira Inna. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa mata bana ba zai yiwu ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Na ji kunya, na ji haushin kaina.

Ta ce, "Shi dai ya tashi?"

Na ce ya tashi.

"Zuciyar tasa kuma lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"To madalla, kuɗi sun yi aikinsu." Ina jin kaji a tsakar gidanta. Sai ta rage murya. "Na riga na sallami 'yan unguwa, duk sun ba ni saƙon addu'a. Kada ki gaya wa kowa tukuna. Jakar ma ba zan kwance ba, ta zauna a bakin gado ta jira."