Amshin da Muka Ɗauko daga Maamobi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya tsohon abu ma ya yi amfani idan Ya so.

Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana wata ƙasidar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda muke rerawa a zaurensa na unguwar Nima tun muna samari. Baitocin suna rubuce, amma karin ba ya rubutuwa. Ni nake jan baiti, sauran su amsa. Da shekaru suka ja, mu uku muka rage, kuma amshin na ainihi, mai hawa da sauka, mutum ɗaya ne ya riƙe shi: wani abokina tela a unguwar Maamobi, wanda ciwon ƙafa ya kwantar. Na ukunmu yana unguwar Kawukudi, shi kuma bin bayan telan yake yi. Idan telan ya tafi, amshin ya tafi.

Babbar 'yata, wadda take aiki a gidan rediyo, ita ta kawo shawara. Tana da tsohuwar kwamfutar hannu da ta ajiye, mai nauyi, batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta. Ta ce: "Baba, ba sai kun haɗu ba. Kowa a ɗauki muryarsa daban, a nasa layin cikin kwamfutar, daga baya in jera su, a ji kamar kuna zaure ɗaya." Na yi shakka, amma na zauna na rera baitocin ta ɗauka.

Wata safiya muka shiga motar haya, wato trotro, zuwa Maamobi, kwamfutar tana cikin jakar shinkafa. Muka sami telan a jingine da matashi. Ya dubi kayan ya ce: "Malam, wannan akwatin ai ya girme ni!" 'Yata ta durƙusa ta gaishe shi, ta kafa makirufo, ta sa masa abin sauraro a kunne domin ya ji muryata ya amsa.

Abin ya ƙi. Ko ya shiga kafin in ƙare baiti, ko ya makara. Aka sake, aka kuma sakewa, numfashinsa ya fara gajarta. Ya cire abin ya ajiye, ya ce: "'Yata, ki yi haƙuri. Muryar babanki ce, amma ban san inda zai tsaya ba." Sai na ga idonsa yana kan hannuna na dama. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba: duk tsawon rayuwarmu ba kunne yake bi ba. Al'adar zauren malam ce mai jan baiti ya riƙa buga tafin hannu a gwiwa, ya ɗaga shi idan numfashinsa zai ƙare, masu amshi su shiga.

'Yata ta ce in na rera da ƙarfi muryata za ta shiga layinsa. Don haka ni na sa abin sauraron, na zauna gabansa. Ina jin muryata a kunne, ina motsa leɓe ba sauti, ina taɓa gwiwa a hankali. Da na ɗaga hannu, sai telan ya shiga daidai wurin da malam yake so, da wannan hawan da na yi zaton ba zan ƙara ji ba. Muka kai ƙarshen ƙasidar ba tare da tsayawa ba. Ya share gumi ya ce: "Dā ma kai ne matsalar, Malam. Ka aiko murya ka bar hannu a gida."

Haka muka yi wa na Kawukudi bayan kwanaki. Telan ya ji muryoyin uku a haɗe kafin rasuwarsa, ya gyara mini wani wuri da ya ce na ja fiye da kima. Yanzu almajiran unguwa daga muryarsa da muka ɗauka suke koyon amshin, ni kuma ina nuna musu hannun. Allah Ya gafarta masa, Ya yi wa 'yata albarka.