Ma'aikacin da Ya Yi Jinyar Baba

Baba ya shiga asibiti da ciwon ƙafa. Gatari ne ya sare shi a gonarsa ta Fakuwa, ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da aiki, har ƙafar ta kumbura ta fara wari. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti a yankinmu na Kankia, aka wanke ciwon, aka shiga yi masa allurai masu ƙarfi. Ƙafa ta kama hanyar warkewa. Har mun fara zancen sallama sai zawo ya ce salamu alaikum.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa a firamare na koma "Malam". Ba ma cin abinci a kwano ɗaya. In na shiga zaure yana ciki, sai ya tuna akwai akuyar da bai duba ba. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma Baba ya riƙe ta fiye da yadda ake bukata.

Saboda haka ƙanena ne ke jinya. Shi ke kai fo, shi ke wanke shi, har tsokanarsa yake yi, Baba na zaginsa cikin jin daɗi. Ni aikina in zo bayan an tashi makaranta, in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Baba, ya jiki?" Ya dubi bango ya ce, "Da sauƙi, Malam."

Likita ya kira mu ya yi bayani. Ya ce alluran da suka kashe ƙwayoyin cutar ƙafa sun haɗa da ƙwayoyin kirki da ke zaune a hanji, sai wata muguwa da ke yawo a ɗakunan marasa lafiya ta sami fili. Hannu ne ke kai ta: ƙarfen gado, marfin ƙofa, butar da kowa ke ɗauka. Ya ce ruwan shafa hannu na kwalba ba ya kashe ta, sai sabulu da ruwa. Ƙanena ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya fita ya kurkure hannu da butar ɗakin, ya zauna ya ci tuwon da 'yan dubiya suka kawo. Ba a daɗe ba shi ma ya fara sintirin banɗaki. Aka ba shi magani aka tura shi gida.

Ɗakin maza ne, sauran ƙannena mata ne, kuma kaka ta yi, kowa na yankan gero. Jinya ta faɗo kaina.

Ranar farko na miƙa wa Baba kofin ruwan gishiri da sukari.

"Aje nan, Malam. Ba ni jin ƙishi."

Na kawo kunu.

"Na ƙoshi."

Ban san da me ya ƙoshi ba. Washegari ma haka. Ƙwayar maganin da aka ce dole ta baki za a sha, sai ya riƙe ta a hannu ya ce sai an jima. Leɓensa ya tsage, idanunsa suka faɗa, nas ta yi ta neman jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa tana ɓuya mata. Ta ce mini a fili, tsoho irin wannan in ya ci gaba da ƙin ruwa, ƙodarsa ce za ta tsaya.

Ni kuwa haushi ya ishe ni, don na gane lissafinsa. In bai sha ba, bai ci ba, babu abin da zai fita, balle ɗan farinsa ya ɗaga masa zane. Na tsaya a kansa na ce, "Baba, mutuwa za ka yi saboda kunya?"

Ya dubi bango ya ce, "Kowa da ranarshi."

Na fita na zauna a gindin darbejiya na yi kuka, abin da rabona da yi tun rasuwar mahaifiyarmu. Tsoro nake ji ƙwarai.

Da na koma, nas ta tare ni a ƙofa. Ba don ta san damuwata ba, sai don an mai da Baba gadon lungu kada cutar ta bi ɗaki, kuma an ce duk mai taɓa shi ya sa safar hannu da rigar leda. Ta ƙara mini da takunkumi saboda wari. Na sa, na shiga ɗauke da fo da bokitin ruwa.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya dubi takalman da ke ƙafata, waɗanda ya gani da safe. Ya daɗe yana kallo.

Sai ya ce, "Sannu, ma'aikaci. Sabon zuwa ne kai?"

Na ce, "E, Baba."

"To taimaka mani, na ɓata wurin."

Na wanke shi, na canza masa shimfiɗa, na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Na miƙa masa kofin, ya shanye ya nemi ƙari. Ya haɗiye maganinsa ba gardama.

Haka muka ci gaba. In na shigo da takunkumi, ma'aikaci ne, ana hira da shi har da dariya. A bakin Baba ma'aikacin ya ji cewa babban ɗansa malamin makaranta ne, wai tun yana ƙarami ba ya ƙarya, sai dai zafin rai irin na uwarsa. Ya ji cewa an sayar da ɗan maraƙi aka kai shi kwaleji, kuma ba a taɓa nadama ba. In na cire takunkumin na dawo da yamma na ce ya jiki, sai a dubi bango a ce, "Da sauƙi, Malam."

Zawon ya tsaya a hankali, aka sallame mu. A gida 'yan barka suka cika zaure, ni ina can bakin ƙofa wajen takalma, inda na saba. Wani tsoho daga Dudunni ya tambaye shi yadda ma'aikatan asibitin suke.

Baba ya ce, "Akwai wani yaro guda. Ban ga huskarshi ba."

Ya gyara zama, ya dubi bangon da ke kusa da ni.

"Amma duk wanda ya haihi yaron nan, ya haihu."