Furannin da Suka Yi Sahu a Gonar Mahaifina

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, gonarsa da ke can bayan Ƙofar Guga ta faɗo a rabona. Ni kuwa ɗan birni ne, ban san dawa ba sai a tuwo. Tun da rani na kafa turke a kusurwar gabas inda za a haƙa mini rijiya, muka sa ranar Asabar da masu haƙa.

Ranar Alhamis, kwana goma da saukar ruwan fari, na lallaɓi mahaifiyata mu je ta sa albarka. Da ƙyar ta yarda. Muna tafe ina ɗaukar hoton duk furen da na gani, ina tambaya kamar baƙo.

"Inna, wannan mai ruwan ɗorawa fa?"

"Tsidau ne. Taka ka ji sunansa."

Da muka isa kusurwar sai ga wasu fararen furanni masu jan zane, manya, gwanin kyau. Na tsinko ɗaya ina ta murna. Sai da na ɗaga waya na lura bibbiyu suke, ɗaya kudu ɗaya arewa, tsakaninsu tsawon mutum a kwance. Na ƙirga sahu bakwai. Rana tsaka ce, amma ko kukan tsuntsu babu. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Na waiwaya, na ga Inna ta tuɓe takalmi. Ta yi sallama a hankali, kuma ba da ni take ba.

"Aje huren nan," in ji ta. "Albasar kwaɗi ce, kuma ba ta yin sahu da kanta. Nan kufai ne, nan aka kawo ni amarya. In an rufe mutum sai a dasa ta a kai da ƙafa, don ko ƙasa ta baje, ruwan fari ya nuna shi."

Ta taka har gaban turkena. Furanni biyu ne suka sa shi tsakiya, tsakaninsu bai wuce kamu biyu ba.

"Wannan ni na dasa, bayan maza sun watse."

"Wane ne, Inna?"

Ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Na tumɓuke turken, na kira masu haƙa na ce an fasa.

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba har ta koma ga Allah, ni ma ban sake tambaya ba. Amma ranar na gane abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk dangi ɗan fari suke ce mini, amma Inna gatsal take kiran sunana, har ta yi mini tsiya a gaban mutane. Ashe kunyar ɗan fari tana da mai ita. Har yau in na tuna cewa kwana biyu ya rage in sa a haƙe yayana, sai in ji sanyi ya ratsa ni.